Sunan Arwen: Larabci ne, na mutanen Wales ne, ko daga littafin almara ya fito?

Ummi Zariya:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman ƙarin haske a kan sunan nan Arwen. Shafukan ma'anar sunaye sun rabu gida uku a kansa. Wasu sun ce Larabci ne, wai Arwa ce aka yi wa kwaskwarima. Wasu sun ce sunan mutanen Wales ne, ma'anarsa fara sol. Wasu kuma sun ce wani marubuci ne ya ƙirƙiro shi a littafin almara. Wanne ne gaskiya? In kuma na almarar ne, yana da tsayayyiyar ma'ana ko kuwa daɗin faɗi ne kawai?

Malam Garba:
Wa alaikumus salam Malama Ummi. Na ukun shi ne hanyar da sunan ya bi ya shiga duniya. Na biyun yana da ƙamshin gaskiya. Na farkon kuwa babu shi sam.

Arwen da aka sani 'yar cikin littafin The Lord of the Rings ce, na J. R. R. Tolkien, wanda ya fito juzu'i uku a Ingila tsakanin 1954 da 1955. Tolkien masanin tarihin harsuna ne, ya zama farfesa a Oxford a 1925, kuma harsunan ya fara ƙerawa kafin labarin. Shi da kansa ya faɗa a wata wasiƙa ta 1955 cewa ya yi labaran ne don harsunan su sami duniyar da za a yi magana da su. Saboda haka ba da ka ya zuba sunayen ba, kusan kowanne ana iya kwance shi gunduwa-gunduwa.

Arwen da harshen Sindarin yake, ɗaya daga manyan harsuna biyu da ya ƙera wa al'ummar da ya kira Elf. Gaɓa biyu ne, kowace gaɓa kalma ce. Ar, ko ara, tana nufin mai daraja, na gidan sarauta, kuma dangin kalmar aran ce, wato sarki. Ita ce dai a goshin sunan Aragorn wanda ya aure ta, da na ubansa Arathorn, da na ƙasar Arnor. Sai wen, budurwa. Asalin kalmar gwen ce ko gwend, amma a ƙa'idar Sindarin idan kalma ta zo ta biyu a haɗi baƙinta na farko yakan sauya, kamar dai yadda t ɗinmu ke komawa c a mota da motoci. Shi g faɗuwa yake yi gaba ɗaya. Ar da gwen suka ba da Arwen, budurwa mai daraja, ko a ce 'yar sarauta.

Mai son gani da idonsa ya buɗe ƙarshen littafin The Silmarillion na 1977, wanda ɗansa Christopher ya fitar bayan rasuwar uban a 1973. Akwai rataye na guntayen kalmomin da aka gina sunaye da su. Ar na ciki, wen na ciki, har da misalan Eärwen da Morwen.

Ɗan Maraɗi:
Wato dai ba 'yar Arewa ake nufi ba. An cuce mu.

Nafisa:
Malam Garba, bayaninka a kan Sindarin daidai ne, amma ka rage wa mutanen Wales haƙƙinsu da ka ce ƙamshin gaskiya kawai. A harshen Welsh akwai siffa gwyn ga namiji, gwen ga mace, ma'anarta fari, kyakkyawa, mai albarka. Ita ce a ƙeyar Bronwen da Olwen da Branwen, kuma g ɗin faɗuwa yake yi a haɗi, irin faɗuwar da ka bayyana. Akwai kuma sunan maza Arwyn, ar a nan ɗafa-goshi ne na ƙarfafawa, wato fari ƙwarai. A nahawun Welsh macen Arwyn ita ce Arwen, ba sai an nemi izinin kowa ba. Iyalin da ke magana da Welsh idan suka sa wa 'yarsu Arwen suka ce ma'anarsa fara sol, ba su yi kuskure ba.

Kuma kamar ba haɗari ba ce. Tolkien da gangan ya ɗora Sindarin a kan sautukan Welsh, kamar yadda ɗaya harshen, Quenya, ya sha ruwan harshen Finlan. Tun yana yaro a Birmingham yake ganin sunayen Welsh a jikin taragun kwal suna burge shi, ya faɗi haka a laccar da ya yi a Oxford a watan Oktoba 1955. Mutumin da kunnensa ya cika da Olwen da Branwen, in ya ƙera ɗafa-ƙeyar sunan mata ta fito wen, ni dai ban ce katsaham ta faɗo ba.

Malam Garba:
Malama Nafisa, a kan sauti ba mu da saɓani. A kan ma'ana ne. Gwen ta Welsh fari ce, gwen ta Sindarin budurwa ce. Ar ta Welsh ƙarfafawa ce, ar ta Sindarin sarauta ce. Guntaye biyun duk sun yi kama a baki, duk sun sha bamban a ma'ana. Sunaye biyu ne suka haɗu a rubutu ɗaya. Abin da shafukan ke yi shi ne su cakuɗa su, sai ka ga an rubuta asali Welsh, ma'ana budurwa mai daraja. Wannan haɗin babu shi a kowane harshe.

Tolkien kansa ya tsani irin wannan farautar kama. Wani mai karatu ya rubuto masa da hasashen asalin sunayensa, ya yi masa daftarin amsa mai tsawo a 1967, ita ce lamba 297 a kundin wasiƙunsa da aka buga a 1981. A ciki ya ce sunan Sauron, babban mugun labarin, ba shi da alaƙa da kalmar Girkanci ta ƙadangare duk da kamar da suka yi, Moria kuma, wani wuri a cikin labarin, ba ta da alaƙa da ƙasar Moriya ta littafin Baibul. Inda ya yi aro kuwa ya faɗa, kamar Eärendil da ya ɗauko daga tsohon Ingilishi. Harshe kowanne sautukansa 'yan kaɗan ne, gajeren suna mai gaɓa biyu dole ya yi karo da wata kalma a wani harshen.

Nafisa:
Na yarda sunaye biyu ne. Ban yarda cewa ɗaya bai ji ƙamshin ɗaya ba a kan mutumin. A bar shi a nan. Ƙari kawai ga mai bincike: in ka rubuta Arwen a intanet za ka ci karo da labarin guguwa. Hukumar yanayi ta Birtaniya ce ta sa wa guguwar ƙarshen Nuwamba 2021 wannan suna, wadda ta katse wa gidaje kimanin miliyan ɗaya wuta. Jerin sunayen guguwa bin haruffa yake yi, ita ce ta farko a wannan kakar, shi ya sa ta faɗo a A. Ba ta ƙara wa ma'anar sunan komai ba.

Ustaz Lawal:
Bari in kashe maganar Larabcin, don ita ce ta fi yaudarar mutanenmu. Arwa suna ne na Larabci tsantsa, kuma tsoho. A ƙamusoshin Larabci arwa jam'i ne na urwiyya, macen akuyar dutse ta jeji, irin mai dogayen ƙahonin nan da ke hawa tsaunin da mafarauci ba ya iya kaiwa. Larabawa suna sa wa mata sunayen irin waɗannan dabbobi saboda kyau. Wasu kuma suna danganta shi da saiwar da ke nufin ƙoshi da ruwa. Masu sunan sanannu ne: Arwa 'yar Abdulmuɗɗalib gwaggon Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, da Arwa 'yar Kuraiz mahaifiyar Sayyidina Usman ɗan Affan, da Sarauniya Arwa ta daular Sulaihi wadda ta yi mulki daga garin Jibla a Yaman har ta rasu a 1138.

Arwa tana ƙarewa da alif maƙsura, babu nun a jikinta, ba ta ma karɓar tanwini balle a ce daga nan n ɗin ta fito. Babu wata ƙa'idar sarfu da za ta mai da Arwa ta zama Arwen. Wanda yake son sunan gwaggon Annabi ya sa Arwa kai tsaye. Wanda ya sa Arwen yana zaton ya yi wa gwaggon Annabi takwara, to bai yi ba.

Ɗan Maraɗi:
Allah ya gafarta Malam, tunda an zo nan, akwai abin da ba a cikin littafi yake ba, a bakin Bahaushe yake. Mu wasalin e ba ya zama da kyau a rufaffiyar gaɓa, zamewa yake yi ya koma a. Ku saurari yadda ake faɗin karen gida da sauri, karan gida za ku ji. Arwen ba za ta yi mako guda ba ta koma Arwan. Daga Arwan kuwa taki ɗaya ne zuwa Marwan, sunan namiji. Duk inda aka kira suna a rajista, a asibiti ko makaranta, sai an sake tambaya mace ce ko namiji.

Ita ma Arwar da Ustaz ya yaba tana da nata ƙalubalen a wajenmu, don a tsohuwar Hausa arwa duba ce, aikin masu buga ƙasa. Balarabe ba ya jin haka, amma kaka ta ƙauye za ta ji. Ban ce kada a sa ba, na ce a san da shi kafin ranar suna.

Hajiya Turai:
Ni duk wannan fashin baƙin bai gamsar da ni ba. Sunan yanka ai takwara ake yi wa, a ce wannan sunan wance ce, yarinya ta tashi ta san wadda ake so ta gado. Wannan Arwen ɗin ba a taɓa haihuwarta ba, kuma na ji kuna cewa Elf, ba aljanu ba ke nan? A rasa sunan da za a raɗa wa 'ya sai na aljana?

Malam Garba:
Hajiya, Allah ya ƙara girma, batun takwara hujja ce mai ƙarfi, ba ni da ta cewa a kanta. Batun aljanu ne ke son gyara. Masu fassara kan ce aljanu don rashin wata kalma, amma Elf ɗin Tolkien ba ɓoyayyu ba ne, ba sa shiga jikin mutum, ba a kiran su da tsafi. Al'umma ce mai jiki da jini, suna ci suna sha suna haihuwa, sai dai tsufa ba ya kashe su. Ita Arwen ma ruwa biyu ce, ubanta Elrond yana da jinin mutane. Labarinta gaba ɗaya a kan zaɓi ɗaya yake tafiya: ta bar rayuwar da ba mutuwa ta auri mutum, ta mutu kamar kowa. A lissafin littafin an haife ta a shekara ta 241 ta Zamani na Uku, ta haɗu da Aragorn a 2951 yana ɗan shekara 20, ita tana da 2,710.

Ɗan Maraɗi:
Wannan ai ko a gidan biki ba a tambayar shekarun amarya.

Ustaz Lawal:
Hajiya, a raba abin da ya fi da abin da ya halatta. Abin da ya fi shi ne abin da kika faɗa, sunayen annabawa da salihan bayi. Amma ba sharaɗi ba ne suna ya zama Larabci. Ibrahim da Isma'il da Ishaƙ da Yusuf, malaman nahawu ajamawan sunaye suke lissafa su. Abin da malamai ke dubawa shi ne kada sunan ya bautar da mutum ga wanin Allah, kada ya zama sunan da Allah ya keɓanta da shi, kada ma'anarsa ta yi muni, kada ya zama tambarin wani addini. Wasu suna ƙarawa da ƙyamar kwaikwayon sunayen taurarin da ba Musulmi ba, kuma a nan ne za a fi samun saɓani a kan irin su Arwen. Wannan kowa ya koma wa malamin da ya yarda da shi.

Ma'ana dai ana binta. Ya tabbata a Sahihu Muslim cewa Annabi ya canza wa wata 'yar Sayyidina Umar suna daga Asiya zuwa Jamila. Ku lura da kyau, wannan Asiya ce mai ain da sadi, wato mai saɓo, ba Asiya matar Fir'auna mai alif da sin ba. A boko rubutunsu ɗaya, a ma'ana gabas da yamma. In har sunaye biyu na Larabci za su rikice haka a rubutun boko, ina ga sunan da ya fito daga ƙirƙirarren harshe.

Ya kuma canza Barra zuwa Zainab saboda yabon kai da ke cikinsa. Wani zai ce to budurwa mai daraja fa, ba yabon kai ba ne? Amsar ita ce Barra da'awar tsoron Allah ce, ita kuwa daraja irin ta Sharifa da Karima da Nabila ce, waɗanda Musulmi suka daɗe suna sawa.

Sadik:
Arwen ma mai sauƙi ce, labarinta ya ƙare tun 1955, an san yadda ta fara an san yadda ta gama. Wanda ya fi zama darasi shi ne Khaleesi. Da farko ba suna ba ne, muƙami ne. A littattafan George R. R. Martin, da na farkonsu A Game of Thrones ya fito a 1996, khal shi ne shugaban rundunar mahayan Dothraki, khaleesi kuma matarsa. Sunan yarinyar Daenerys. Mutane sun riƙa jin ana kiranta khaleesi a fim mai dogon zango da tashar talabijin ta HBO ta fara a 2011, suka ɗauka sunanta ke nan. A ƙididdigar hukumar da ke fitar da sunayen jarirai a Amurka, 'yan mata 146 aka sa wa Khaleesi a 2012, a 2018 suka kai 560. Sai ga shi ranar 12 ga Mayu 2019, a kashi na kusa da ƙarshe, jarumar ta ƙone birni da mutanen cikinsa bayan sun miƙa wuya. Iyaye sun raɗa sunan mai 'yanta bayi, suka wayi gari da sunan mai kisan kiyashi. Littattafan kuma har yanzu ba a kammala su ba, na biyar ya fito tun 2011.

Ko furucin ma ba a daidai ya yaɗu ba. Martin kalmomi 'yan kaɗan ya ƙirƙira. David Peterson ne aka ɗauka a 2009 ya gina cikakken harshen Dothraki ta yadda zai dace da waɗancan kalmomin. A tsarinsa ee ɗin nan wasula biyu ne, e da e, ba doguwar i ba, nauyi kuma a gaɓar farko yake, kh ɗin irin na Khalid. Kha-le-e-si ke nan. 'Yan fim suka bi karatun Ingilishi suka ce ka-lii-si, shi kansa ya fito ya koka da hakan.

Ummi Zariya:
Yaya Sadik, to ba shi da alaƙa da Khalisa? Don ana yawan haɗa su.

Ustaz Lawal:
Babu. Khalisa daga saiwar kha, lam, sadi take, saiwar ikhlasi, wato tsarkakakkiya wadda ba gauraye. Khal kuma a Larabci kawu ne, ɗan'uwan uwa. Ba ɗayansu da ya haɗa hanya da matar shugaban mahaya.

Sadik:
Haka ne. Martin ya ce Dothraki haɗin gambiza ne na al'ummomin mahaya irin su Mongol da Hun da wasu ƙabilun asalin Amurka. In ma za a nemi abin da khal ya yi kama da shi, khan ya fi kusa.

Ɗan Maraɗi:
A makarantar firamare ta Maraɗi ko ta Katsina, wallahi Kilishi za a kira ta har ta yi aure.

Nafisa:
Tunda Ummi na tattara bayani, ga wani rami da ake faɗawa, wato musanya wen da wyn don ado. A Welsh wyn ta maza ce, wen ta mata. Wanda ya ga Arwen ya ce bari in rubuta Arwyn don ya fi kyau a ido, sunan namiji ya sa wa 'yarsa. Haka Bronwyn da ta yaɗu a ƙasashen Ingilishi, a nahawun Welsh ƙeyar maza gare ta.

Abin da ke ƙara rikita mutane shi ne Éowyn, ita ma mace ce a littafin Tolkien ɗin, kuma da wyn take ƙarewa. To ita ba Welsh ba ce, ba kuma Sindarin ba. Tsohon Ingilishi ne, harshen da Tolkien ya koyar shekara da shekaru, shi ya ba mutanen Rohan masu dawaki. Eoh doki ne, wynn farin ciki, wato mai murna da dawaki. Shi ya sa ɗan'uwanta Éomer da ubansu Éomund duk da éo suka fara. Ga ƙeya uku ke nan masu kama: wen budurwa, wen fara, wyn farin ciki, daga harsuna uku.

Sai batun takardu. Alamar da ke kan É ba ta shiga layukan ƙasan fasfo da na'ura ke karantawa, E zalla ake bugawa, kuma fom da yawa na kwamfuta ko dai su ƙi ta ko su mai da ita wani abu daban. Wanda zai sa irin wannan suna ya tsai da rubutu ɗaya mara wannan alamar tun daga takardar haihuwa, kada a sami Éowyn a nan, Eowyn a can, Eowin a katin makaranta. Ƙididdigar da Yaya Sadik ya kawo ma haka take: kowane rubutu lissafinsa daban, Khaleesi daban Kaleesi daban, kuma sunan da bai kai jarirai 5 a shekara ba ba a fitar da shi. Adadin gaskiya ya fi wanda ake gani.

Malam Garba:
Ga yadda ni nake ganin ya kamata a bi kowane suna irin wannan. A fara da gano littafin da shekarar da ya fito, sannan a tambaya ko akwai sunan kafin wannan shekarar. In akwai, marubucin aro ya yi, ma'anar tana can a harshen asali. Arya na littattafan Martin haka yake, tsohuwar kalmar Sanskrit ce mai nufin mai daraja, ana sa ta a Indiya da Iran tun kafin a haifi Martin. Aslan na littattafan Narnia ma haka, zaki ne da Turkanci, sunan su Sarki Alp Arslan na yaƙin Manzikert a 1071. C. S. Lewis, marubucin Narnia, ya ce a bayanan fassarar Dare Dubu da Ɗaya ta Edward Lane ya tsinto shi. Sai dai shi Lewis Almasihu yake nufi da zakin nasa, don haka mai sa Aslan ya san wanne yake yi wa takwara.

In babu sunan kafin littafin, sai a nemi abin da marubucin ya faɗa da bakinsa, a rataye ko wasiƙa ko hira. Na Tolkien, rataye na E a ƙarshen juzu'i na uku shi ke da furuci, na F ke da harsuna da yadda aka yi sunaye. A nan za a ga c kullum k ce, Celeborn Keleborn ne ba Seleborn ba, r kuma kaɗa ta ake yi a ko'ina, kalma mai gaɓa biyu nauyinta a ta farko. Arwen ke nan da r irin ta Hausa, ba wadda Bature ke haɗiyewa ba. In marubuci bai faɗi ma'ana ba, to babu ita, duk abin da shafi ya rubuta ƙari ne.

Bayan nan a kwance sunan a duba kowane guntu, don daɗin sauti yana ɓoye abubuwa. Morwen ya yi kama da Arwen, amma mor duhu ne ko baƙi, ita ce a Mordor da Moria. Samwise, wato Sam na littafin Tolkien, mutane suna ganin ƙarshensa su ce mai hikima ne, alhali sam a tsohon Ingilishi rabi ne, mai rabin wayo ke nan, kusan a ce dolo, kuma rataye na F ya faɗi haka ƙarara. Gandalf kuwa ba Tolkien ya ƙera shi ba, daga jerin sunayen wadanni ya ɗauko shi a tsohuwar waƙar Völuspá da aka rubuta a Iceland a ƙarni na 13, gandr sandar tsafi, álfr kuma Elf na tatsuniyoyin Arewacin Turai. Ga inda damuwar Hajiya take da gurbi sosai, don wannan tsafin a cikin ma'anar sunan yake.

Na ƙarshe a karanta labarin har ƙarshe, littafin ba fim kaɗai ba.

Hajiya Turai:
To ka ga ni. Duk wannan wahalar, da Fatima aka sa da tuni an ci tuwon suna an watse.

Ummi Zariya:
Hajiya kin yi gaskiya. Malam Garba, me ya sa ka ce littafin ba fim kaɗai ba? Akwai bambanci a kan ita Arwen ɗin? Kuma Undómiel da ake liƙa mata, sunan mahaifi ne?

Malam Garba:
Akwai bambanci babba. A fim ɗin Peter Jackson na 2001, inda Liv Tyler ta fito a matsayinta, ita ce ta ɗauki Frodo, jarumin labarin, a doki ta tsallaka kogi da takobi a hannu. A littafi wannan ba aikinta ba ne. Wani Elf mai suna Glorfindel ne ya tarye su, ya ɗora Frodo a dokinsa, Frodo ya tsallaka shi kaɗai. Arwen ta littafi ba ta yaƙi, maganarta ma kaɗan ce, tuta ta saƙa wa Aragorn, cikakken labarinsu kuma a rataye na A yake. A makare ma ta shigo rubutun. Daftarorin da Christopher ya buga sun nuna da farko Éowyn aka shirya Aragorn zai aura, kuma da 'yar Elrond ta bayyana Finduilas aka fara kiranta kafin a canza. Wanda yake son sunan jaruma mai takobi a littafin, Éowyn yake nema.

Undómiel laƙabi ne, kuma da Quenya yake ba Sindarin ba. Undómë shi ne duhun magariba, el tauraro. Tauraruwar magariba, wadda mu muke kira Zara matar wata. An yi mata laƙabin ne don a ƙarshen zamanin al'ummarta ta zo.

Nafisa:
El ɗin nan ita ce kuma a Elanor, wanda ake rikitawa da Eleanor. Elanor el ce da anor, tauraro da rana, sunan wata 'yar furen ruwan zinariya a dajin Lothlórien, shi Sam ya sa wa 'yarsa ta fari bisa shawarar Frodo. Eleanor mai e a tsakiya daga Faransa ya fito, daga Aliénor sarauniyar ƙarni na 12. Harafi ɗaya ne tsakaninsu, kuma ma'aikacin rajista kusan kullum zai ƙara e ɗin yana zaton gyara ya yi, sai a duba takardar kafin a bar ofis.

Sadik:
Haka Estel. Ana sa wa mata ana zaton gajeren Estelle ne, na Faransanci mai tushe a kalmar Latin ta tauraro. A Sindarin estel fata ne, sa rai, kuma sunan namiji ne a littafin: shi aka kira Aragorn da shi a gidan Elrond tun yana ɗan shekara 2, don a ɓoye asalinsa daga maƙiya har ya kai 20.